Da gaske ne 'yan Katolika suna bauta wa Maryamu?

Ɗan Yawuri: Jama'a, a nan Kebbi ana yawan cewa 'yan Katolika suna bauta wa Maryamu da gumaka, kuma wai Fafaroma ba ya kuskure. Masu faɗin haka sun san koyarwar kuwa?

Malam na Zuru: Ɗan'uwa, yawanci ido ne ya gani, ba a bincika ba. Mutum ya hangi tsohuwa durƙushe gaban siffar Maryamu, carbi a hannu, kyandir na ci, sai ya yanke hukunci. A katikisim ɗinsu na 1992, wato littafin koyarwar addininsu, sujada ta Allah ce kaɗai. Maryamu girmamawa ake yi mata, ana roƙonta ta yi wa mutum addu'a. Ana iya ƙin yarda da wannan, amma a soki abin da suka faɗa.

Inna Rifkatu: Batun rashin kuskuren Fafaroma kuwa, ɗana, a 1870 aka tabbatar da shi, da sharuɗɗa: sai ya yi magana daga kujerarsa, wato a matsayinsa na shugaban ikkilisiya, ga ikkilisiya duka, kan bangaskiya ko ɗabi'a. Wani Fafaroma ya yi irin wannan magana a 1950. Huɗubarsa ta yau da kullum ba ta ciki.

Ɗan Yawuri: To littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki fa, Inna?

Inna Rifkatu: Nan kam akwai bambanci na gaske: nasu 73, na Furotesta 66.