Ina rubuta labarin jikokin aljanu, amma sunayensu sun gagare ni

Hadiza ('yar Birni):
Salamu alaikum 'yan uwa marubuta. Wata shida ke nan ina fama da wani ƙagaggen labari. Wata al'umma ce na ƙirƙiro, kakanninsu na farko aljanu ne da suka auri 'yan Adam, jikokin suka rabu gida huɗu: masu sarrafa wuta, masu ruwa, masu iska, da masu ƙasa. A Damagaram nake son labarin ya faru, zamanin Sarki Tanimun.

Matsalata ta farko suna. Na zauna zan raɗa wa kowane gida nasa, sai na ga Hausa ta riga ni. 'Yan wuta, kowa ya san inda za su. 'Yan ƙasa, mu ne masu katin zaɓe. 'Yan ruwa, da ma akwai su a bakin mutane. Na huɗun kuwa... jarumar labarin daga gidan iska take, ku faɗa mini yadda zan kira ta a shafi na farko ba tare da an rufe littafin ba.

Ta biyu, Yayana ya karanta babi uku ya ce in bari, wai wasa da aljanu ne, kuma auren mutum da aljan ba abin da za a sa wa yara a kai ba ne. Tun ranar hannuna ya yi sanyi. Ku ba ni shawara don Allah.

Sani Kabu-kabu:
Wallahi na yi dariya har shayi ya sarƙe ni a majalisarmu ta hira. Ki bar sunan yadda yake Hadiza, ranar da ya fito za a sayar da shi kaf.

Malama Zuwaira:
Sani ka bari mana, da gaske take. Ƙanwata, kin nemi sunan ta hanyar "'yan" ne shi ya sa kika maƙale. Mu ba haka muke kiran al'umma ba. Damagarawa muke cewa, Gobirawa, Katsinawa, ɗaya kuma Bagobiri, Bakatsine. Sa'an nan ki bar manyan kalmomin nan huɗu, ki sauko kan abin da ido ke gani. Wuta tana da garwashi: Garwasawa, ɗayansu Bagarwashe. Ruwa, ga Korama nan kudu da mu: Koramawa, Bakorame. Iska kuwa ki ba ta hunturu, Hunturawa, jarumarki ta zama Bahuntura, kin ga mutuncinta ya tsira. Na ƙasa ne ban gamsu ba. Dutsawa akwai masu shi. Na fi karkata ga Yumɓawa, saboda tukwanen Miriya.

Ki karanta su da ƙarfi kafin ki zaɓa. Sunan da maroƙi ba zai iya yi wa kirari ba, ki yar da shi.

Malam Ilya, Zango:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, yayanki bai yi laifi ba da ya ji tsoro, amma a rarrabe abubuwa.

Aljanu gaskiya ne, sura guda ce ta 72 da sunansu. Suratur Rahman aya ta 15 ta ce daga harshen wuta aka halicce su, Suratul Hijri aya ta 27 ta ce daga wutar iskar zafi. To kin ga a Alƙur'ani babu aljanin da aka yi da ruwa ko da ƙasa, ƙasa ma asalinmu ce mu. Rabon nan gida huɗu daga wani wuri ya zo: tsoffin masanan Girka ne suka ce komai na duniya daga wuta, ruwa, iska da ƙasa yake, likitocin Larabawa suka ɗauka, har ya iso hannun masu hisabi da ke raba haruffa ɗabi'a huɗu. Saboda haka kada ki sa wani malami a labarinki yana jawo aya don ya tabbatar da gidajenki huɗu. Nan ne haɗarin yake, a jingina wa Allah abin da bai faɗa ba.

Batun aure, malamai sun yi saɓani. Masu hanawa suna kafa hujja da Suratun Nahli aya ta 72, cewa daga jinsinmu aka yi mana matan aure. An kuma ruwaito cewa an tambayi Imamu Malik, ya ƙi abin, don kada mace ta zo da ciki a tambaye ta ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita. Tatsuniya dai mun taso muna ji, Gizo na magana, Ƙoƙi na amsawa, ba wanda ya ce an yi saɓo. Sharaɗina biyu: kada aljaninki ya san gaibu, kuma kada a nuna roƙonsa ko yi masa yanka a matsayin abin da ke biyan buƙata.

Hadiza ('yar Birni):
Allah ya saka da alheri Malam. Akwai wurin da na sa kakan Garwasawa yana faɗin ranar da sarki zai mutu. Yau zan cire.

Abdu Lakkwal:
Ni ta wani gefen zan zo, ki yi haƙuri Hadiza, na karanta babin da kika turo watan jiya. Sunan ba shi ne babbar matsalarki ba. Mutanenki ba 'yan nan ba ne. Yaro ya ɗaga hannu wuta ta fito, yarinya ta hura baki gini ya faɗi: wannan fim ne na waje aka sa masa rawani. Kuma ba sa biyan komai. Ƙarfin da ba ya cin mai shi ba ya riƙe mai karatu.

Dubi abin da ke gabanki. Garin nan duwatsu ne, kuma tun kakanni ƙishirwa muke. Turawan Faransa sun ci garin a 1899, suka zauna da babban birninsu nan, a 1926 suka kwashe suka koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa. Har yau ke da kanki kin san kuɗin bidon ruwa a watan Afrilu. To a irin wannan gari, Bakoramen da ke jin motsin ruwa ƙarƙashin dutse ba jarumi ba ne mai yawo yadda ya so. Sarki zai tsare shi a fada, attajiran Zango za su yi ta neman aurar masa da 'ya'yansu, maƙiya su nemi sace shi. Kuma in duk rijiyar da ya buɗe sai wani abu ya ƙafe a jikinsa, hawaye ko nonon matarsa, kin samu labari.

Haka Garwasawa. Tanimun, wanda ya rasu a 1884, an san shi da ganuwar Birni da kuma igwa da aka ƙera masa a nan garin. Wa ya hura wutar da ta narkar da ƙarfen? Ga maƙeranmu da ke wasa da jan ƙarfe a bainar jama'a. Ba sai kin je nesa ba.

Inna Mariya:
Ni ba marubuciya ba ce, jikata ta sa ni cikin nan, karatu kawai nake. Amma Abdu ka manta abu guda. Mu da muka yi jego a da, wuƙa ake ajiye wa jariri wajen kansa, saboda an ce mutanen ɓoye ba sa son ƙarfe. To yaya jikan aljani zai zama maƙeri? Sai dai in kullum yana aikin yana ciwo.

Kuma ɗiyata, ba a cewa "aljani" gatsau a cikin gida. Mutanen ɓoye muke cewa, ko masu abu. Ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, ba a zama bakin ƙofa da magariba, ba a hutawa gindin tsamiya da tsakar rana. Guguwa in ta taso, yara mukan gudu, ana ce mana in ka jefa wuƙa cikinta za ka ga jini. Ni abin da nake so in ji: yarinyar nan taki, in uwar mijinta ta zuba ruwan zafi ba bisimilla, ita me take ji? Dangin kakarta ne fa aka ƙona.

Abdu Lakkwal:
Inna kin gama da ni. Maƙerin da ƙarfe ke ƙona shi, ya fi duk abin da na faɗa.

Rabi'u Mai Kanti:
Gargaɗi ɗaya. Fadar nan tana nan da ranta, jikokin Tanimun suna cikinta. Kada ki ce wani sarki na gaskiya ya auri aljana ko jininsa ya gauraya. Ki bar sarki can sama ana jin tambarinsa, labarin ya zauna a gidajen talakawa. Sa'an nan sunayen bori, su Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Inna Doguwa da birninsu Jangare, ki bar wa masu su. In kin ɗauko, malamai za su ce kina tallar bori, 'yan bori su ce kin yi musu ƙarya, ki rasa kowa.

Malama Zuwaira:
Nan ban bi ka duka ba Rabi'u. Batun fada, gaskiyarka. Amma a zamanin da take rubutu a kai akwai masu girka a gari, in ta share su kaf garin ya zama na ƙarya. Tana iya sa mai garaya ya wuce ana jin kiɗansa daga wani gida, ba sai ta kira sunan kowa ba.

Hadiza ('yar Birni):
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Na ɗauki Garwasawa, Koramawa da Hunturawa. Yumɓawa har yanzu bai zauna mini a baki ba, in wani na da wanda ya fi shi ina jira. Babi ukun nan zan sake su daga tushe, zan fara da ruwan zafin Inna Mariya. Malam Ilya, in na gama babin farko zan ba Yaya ya kawo maka har Zango ka duba, don na san in daga bakinka ya ji zai sakar mini mara. Inna kuma, in kin yarda, ranar Juma'a bayan la'asar zan zo da littafina da goro.

Inna Mariya:
Ki zo kafin magariba. Goron kuma fari.