Ina jan dogon numfashi don in samu natsuwa, amma jiri yake ɗibana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Ghana, gidanmu a unguwar Aboabo. Tun da na ɗauki kaya bashi gabana yake yawan faɗuwa, musamman in na kwanta na fara lissafi. Ƙanwata ta ce in riƙa jan dogon numfashi. Ina cika ƙirji har kafaɗuna su ɗaga, amma sai in ji jiri, yatsuna suna tsikari. Ni ce ban iya ba, ko abin ne bai karɓe ni ba?

Wata nas daga Asawase: Wa alaikumus salam Yaya. Jirin nan yana da dalili. In mutum na zuƙar iska da yawa a gurguje, iskar kabon da ke cikin jini, wato wadda muke fitarwa da numfashi, sai ta ragu fiye da kima, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke. Shi ne jirin da tsikarin. Ba yawan iska ake nema ba, jinkiri ake nema. Babban mutum kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, ke kuma so ake ki sauko wajen sau 6. Zauna, ki ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya. Shaƙa ta hanci a hankali kina ƙirga 4, hannun cibiya ne zai taso, na ƙirji ya kusan tsayawa cik. Sai ki tsuke leɓe kamar mai hura koko, ki fitar kina ƙirga 6. Bugun zuciya na ɗan raguwa ne yayin da ake fitar da numfashi, shi ya sa ake tsawaita fitarwar. Minti 5 ya isa. In jirin ya dawo, dakata ki koma numfashinki na kullum.

Wani direban trotro (motar haya): Anti, ni 4-7-8 nake yi in go-slow ya riƙe ni a Anloga Junction. Ki shaƙa kina ƙirga 4, ki riƙe har 7, ki fitar har 8. Wani likita Ba'amurke, Andrew Weil, shi ya yaɗa shi.

Nas ɗin: Yana da kyau ɗan uwa, amma riƙewar nan tana wahalar da sabon shiga. Shi kansa likitan cewa ya yi kada a wuce zagaye 4 a farko. Kuma don Allah ba a kan sitiyari za a koye shi ba!

Wata Hajiya daga Alabar: 'Yata, kada ki jira sai gaban ya faɗi. Bayan sallar asuba, kina kan darduma an gama azkar, nan za ki yi, sai ya zama jiki. Ki sassauta ɗaurin zani, ciki ba ya tasowa an tamke shi. Maganar bashin kuma, je ki sami mai kayan ku tsara yadda za ki riƙa biya. Numfashi ba ya rage ko sidi ɗaya, kuma ɓuya ce ke ƙara faɗuwar gaban.

Wani mai shagon magani: Hajiya ta yi gaskiya. Sai dai ba kowace faɗuwar gaba ce ta tunani ba. Ƙarancin jini yana kawo ta, haka ciwon maƙoƙo, haka shayin ataya da kofi da daddare. A auna jininki. In kina da asma, ga hunturu na tafe da ƙurarsa, ki yi magana da likita. In kuwa ƙirji ya riƙe da ciwo yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ga gumi, wannan ba na zama a ƙirga ba ne, a kira lambar gaggawa 112 ko a wuce asibitin Komfo Anokye.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To a shago fa, ga hayaniya ga masu ciniki?

Nas ɗin: Ba sai kin rufe ido ba Yaya. Kina ninke atamfa ma za ki iya, ki fitar ta hanci in kina jin kunyar tsuke baki a gaban mutane. Ranar da za ki je awon jinin ki tafi da duk maganin da kike sha, har na gargajiya, likita ya gani.