Muhawara: Laulayi Ya Isa Shaidar Ciki? Kuma Ina Matsayin Miji A Watannin Farko?

Ungozoma, Talata Mafara:
Assalamu alaikum. Maganata guda biyu ce, mai ja ya ja. Ta farko, macen da ta haihu biyu ko uku ba ta bukatar tsinken gwaji kafin ta san ta ɗauka. Wata ya ɓace mata, nono ya ciko har zane ya taɓa ta ji zafi, kansa ya ƙara baƙi, ga kasala, ga fitsari a kai a kai, ƙaurin suyar mai ya tayar mata da zuciya, yawu ya cika baki. In waɗannan suka haɗu ciki ne. Laulayi kan soma wajen mako na 6 in an ƙirga daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, ya yi tsanani wajen mako na 9, ya lafa tsakanin na 12 da na 14. Ta biyu, watanni ukun farko sirrin mace ne. Miji ya saurara sai an gaya masa.

Ma'aikacin lab, Gusau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Lissafin makonninki ba gyara. Inda na ja shi ne, babu alama ɗaya cikin waɗanda kika jero da wani abu daban ba ya kawowa. Mai shayarwa kan yi watanni ba ta ga wata ba. Mai allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ko wadda aka sa wa na dantse, haka. Rama, tashin hankali da ciwon maƙoƙo duk suna tsayar da al'ada. Amai da kasala kuwa maleriya ma ta iya su. Shi tsinken ba alama yake karantawa ba, sinadarin hCG yake nema a fitsari, wanda jiki ke fitarwa bayan ciki ya kama. Yadda ake yi: a jira ranar da ya kamata al'ada ta zo ta wuce, a tari fitsarin farko na asuba a busasshen mazubi, a tsoma tsinken kada ya wuce layin da aka rubuta MAX, a cire bayan 'yan daƙiƙu, a shimfiɗa shi, a duba bayan minti 5. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun ya yi dishi-dishi. Layi ɗaya a wajen da aka rubuta C babu. In layin C bai fito ba tsinken ya lalace, a sake. Layin da ya bayyana bayan minti 10 ba a ɗaukarsa. In an ga babu kuma al'ada ba ta zo ba, a maimaita bayan mako guda.

Ungozoma, Talata Mafara:
To ɗana, tsinken da ya yi wata shida a shagon kwano cikin zafin Afrilu fa? Zai nuna babu alhali akwai, mace ta saki jiki ta sha abin da ba za ta sha ba da ta bi abin da jikinta ke gaya mata. Wannan ya fi rashin gwajin haɗari.

Mai kemis, Ƙaura Namoda:
Hajiya kin taɓo inda yake. Yawancin tsinkayen an rubuta a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 30 ba, mu kuwa a bazara muna haura 40. Don haka a duba ranar ƙarewar aiki, a ga ledar ba ta huje ba, kada a sayi wanda aka shanya a tire cikin rana. Kuma in alamu suna cewa akwai, tsinke na cewa babu, a ɗauka akwai har sai an sake gwadawa a asibiti. Wannan na ba ki.

Amma maganarki ta biyu ita ce ba zan bari ta wuce ba. Wa ke zuwa kemis a garuruwanmu? Maigida ne. Zai tsaya ya ce iyali ba lafiya, amai da zazzaɓi, a haɗa masa na taifot da maleriya. A tambaye shi yaushe rabonta da ganin wata, ya sunkuyar da kai, ko ya ce wannan ba huruminsa ba ne. Abin da ake ƙullawa a irin wannan haɗin: doxycycline ko ciprofloxacin, Septrin, Fansidar, sai diclofenac ko ibuprofen na ciwon jiki. Duk cikinsu babu wanda ake so mai ƙaramin ciki ta sha. Septrin yana hana aikin folik asid, sinadarin da ɗan tayi ke bukata wajen haɗuwar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, Fansidar kuma sai ciki ya shiga mako na 13 ake fara ba da shi a wajen awo. Parasitamol ne kaɗai zan yarda a ba ta kafin a gwada jini. Mutumin da aka ce ya saurara sai an gaya masa, shi ne ke riƙe da kuɗin magani.

Likitan mata, Gusau:
Hajiya, ina girmama idonki, kuma na yarda sau da yawa mai haihuwa takan riga tsinke sani. Sai dai ko jikinta ko tsinken, babu mai faɗa mata inda cikin ya zauna. Cikin da ya tsaya a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa yana ba da ɓatan wata, laulayi da layi biyu, sak irin na lafiyayye. Wajen ciki 1 zuwa 2 cikin 100 haka yake. Bututun ba ya buɗewa kamar mahaifa, don haka yawanci tsakanin mako na 6 da na 10 sai ya fashe, jini ya riƙa taruwa a cikin ciki ba a gani a waje. Alamunsa: ciwon mara gefe guda, ɗigon jini baƙi-baƙi, jiri in ta miƙe, ciwo a kan kafaɗa, tafin hannu da cikin ido su yi fari, gumi mai sanyi, suma. Wannan tiyata ce a daren, sau da yawa da ƙarin jini. Mijin da bai san da ciki ba zai ce shawara ce ko iska, a nemo jiƙo, a jira gari ya waye. Wanda ya sani, da ta ce gefen mararta na suka zai nemi mota.

Akwai kuma abin da maza ba sa son ji. Babban abin da ke lalata bututun nan shi ne ciwon sanyi na saduwa da ba a magance ba. Namiji ya ga farin ruwa ko zafin fitsari, ya sha kafso kwana biyu, zafi ya tafi, ya ɗauka ya warke. Ita matar sau da yawa ba ta jin komai, ƙwayar cutar na hawa tana barin tabo a bututu. Ƙa'ida ita ce a yi wa miji da duk matansa magani lokaci guda, a shanye shi, a ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7. In aka yi wa ɗaya aka bar ɗaya, an koma gidan jiya.

Ungozoma, Talata Mafara:
Likita, to duk mai ɓatan wata a ƙauyukan Maradun da Bakura sai ta hau hanyar nan da muka san halin da take ciki don a yi mata sikanin? Da wane kuɗi?

Likitan mata, Gusau:
A'a Hajiya, ban ce duka ba. Wadda ta taɓa ciki a wajen mahaifa, wadda aka taɓa yi wa tiyata a mara, wadda ta daɗe tana nema kafin ta samu, wadda ta ɗauka da robar mahaifa a jikinta, da duk mai ciwo ko jini: waɗannan su yi sikanin a mako na 6 zuwa 7, lokacin da ake iya ganin bugun zuciya. Sauran gwajin fitsari da fara awo a asibitin da ya fi kusa ya wadatar.

Nas, Tsafe:
Mama Hajiya, ni inda jiran wata uku ya fi damuna shi ne folik asid. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, wato daidai lokacin da mace ke cewa bari in ga ko wata zai zo. Maikirogiram 400 kullum ake so, tun kafin a ɗauka in da hali, har mako na 12. Wadda ta zo awo a wata na biyar wannan ya wuce ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce zuwa awo sau 8, na farko cikin mako 12 na farko. Sannan dogaro da alama shi ke raya zancen ciki ya kwanta. Mace ta yi laulayi, sai ya ɗauke, ciki bai girma ba, a ce ya kwanta ne zai tashi. A asibiti abin da aka fi tararwa ɗan tayin ya mutu bai fito ba, ko ƙari ne a mahaifa, ko tun farko babu cikin. Na farkon in ya daɗe yana kawo zubar jini da ruɓa.

Jami'in lafiya, Anka:
Ku bar ni in ƙara abin da ya shafi yankinmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, tana jawo ɓari, haihuwar bakwaini da hawan jini ga mai ciki, tana kuma rage ƙwayoyin maniyyin namiji. Ƙurar a rigar maigida da takalminsa da gashinsa take shigowa. Mai aikin haƙa ko niƙa ya yi wanka ya sauya kaya a wajen aiki, ya bar takalmin aiki a waje, kada a kawo dutse gida, kada a daka shi a turmin hatsi, kuma kada mai ciki ta wanke kayan. Ta yaya zai kiyaye wannan tun makon farko in an ɓoye masa?

Ma'aikacin lab, Gusau:
Shi ya sa nake ganin a wajabta wa miji zuwa awon farko. A gwada shi ƙanjamau, tunjere da ciwon hanta nau'in B. Tunjere na kashe ɗa a ciki, allurar fenisilin ke maganinsa, amma in ba a yi wa miji ba zai sake sa mata. A duba jinsin jini: AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila. A duba rukunin jini: in nata negetif ne nasa fozitif, tana bukatar allurar anti-D, mai hana jininta yaƙar jinin jaririn da za ta ɗauka nan gaba, cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. A auna masa hawan jini da suga tunda ya shigo, don namiji kan yi shekaru da 140 bisa 90 ko sama bai sani ba.

Nas, Tsafe:
Gwaje-gwajen na yarda da su Yaya, wajabtawar ce ban yarda ba. Mazan da suka tafi ci-rani fa? Mai mata uku da ke tsoron a ce ya fifita ɗaya fa? Da zarar an ce sai da miji, ko a riƙa shigar da masu miji gaba a layi, wadda ta zo ita kaɗai za ta juya gida, kuma ita ce ta fi bukata. A duba mace ranar da ta zo, a ba ta takardar gayyata ta kai masa, a ware wa maza wata rana da ƙofar da ba sai sun zauna a benci cikin mata ba.

Ungozoma, Talata Mafara:
'Yata ta faɗi gaskiya. Zancen kemis da na fashewar bututu sun shige ni, miji ya sani da wuri. Amma shi kaɗai. Yarinya mai cikin fari da ke jin nauyin surukarta, in ta san maganar za ta kai zaure da ɗakin kishiya, ko shi ba za ta gaya wa ba. Ku koya wa maza riƙe baki kafin ku koya wa mata buɗewa. Kuma har yanzu ina nan kan cewa in jikin mai haihuwa ya ce akwai, kada layi ɗaya ya sa a ba ta magani. Likita, tambaya ɗaya da mata ke yawan yi: ɗan jinin da ake gani a farko, wanne ne na zama, wanne ne na tashi?

Likitan mata, Gusau:
Ɗigo kaɗan ruwan hoda ko ruwan ƙasa, wajen lokacin da al'ada ta saba zuwa, kwana ɗaya ko biyu, ba ciwo, bai jiƙa ƙyalle ba: wannan ta je asibiti da safe a duba, ba gaggawa. Jini ja da ke jiƙa audugar mata cikin awa guda, ko mai guda-guda, ko kowane jini da ya zo da ciwon gefe, jiri ko zazzaɓi, a tafi a lokacin ko da tsakar dare ne, zuwa inda ake tiyata da ƙarin jini. Kada a ba ta abinci ko ruwa a hanya saboda allurar barci, ta kwanta a mota a ɗan ɗaga ƙafafunta, kuma maigida ya taho da 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Haka mai aman da ta yi yini da kwana ko ruwa bai zauna mata ba, fitsarinta ya ragu ya yi duhu, ita ma ƙarin ruwa take bukata, a kawo ta.