Abin da masu gyaran wayar mota suka ce kan tsatsar kan batir

Da aka tattauna matsalar motar da ke ƙin tashi alhali batirinta na da caji, yawancin masu rewaya, wato masu gyaran wayar mota, sun ce a fara duba kan batir. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a wurin, tururin ruwan batir ne ke cin ƙarfen, shi ke hana wuta wucewa.

Sun haɗu a kan cewa a kashe mota, a fara kwance wayar negatif, sannan fozitif. Wajen mayarwa kuma negatif ce ƙarshe. A jiƙa bekin soda a ruwan ɗumi, ko kanwa in ita ke kusa, a goge da tsohon burushin haƙori har kumfar ta daina tashi. Kada ruwan ya shiga cikin batirin, a kuma kiyaye ido. In kan batirin ya bushe, a mayar da wayoyin a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan.

Inda aka yi saɓani shi ne ƙananan soket na sensa, wato na'urorin da ke auna yanayin aikin mota. Wasu na kankare su da samfefa, amma ni ina tare da masu hanawa, domin rufin da ke kan filoginsu siriri ne ƙwarai, in ya goge tsatsar za ta dawo da wuri. Feshin wanke soket ya isa.