Dan Allah a ba ni shawara: in je wurin masu murɗa baya ko in dakata?

Lamba5_TudunWada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kuma da gaske nake, don abin ya fara hana ni barci. Ni ɗan ƙwallo ne, baya nake bugawa a wani ƙaramin kulob nan Tudun Wada, shekarata 22. Yau sati 3 kenan muna wasa a Murtala Square na tashi hedin, ɗan gabansu ya shigo ta ƙarƙashina na juye na sauka da kwankwaso, kun dai san filin nan da rani kamar siminti yake. A lokacin na miƙe har na ƙarasa wasan, sai da asuba na tashi sallah na ji ruku'u ya gagara.

Na sha diklofenak na kwana 5, Hajiyarmu ta yi min gashi da ruwan zafi da tawul, an shafa Aboniki har fata ta fara saɓulewa, ya ɗan yi sauƙi amma bai tafi ba. Abin da ya fi damuna yanzu, in na daɗe a zaune ko na hau mashin sai in ji ciwon yana sauka ta bayan cinyata ta dama kamar ana jan waya.

To akwai bidiyoyin nan da ake ta gani a TikTok na turawa, a kwantar da mutum a danna bayansa ya yi ƙas ya miƙe yana dariya, masu yin wannan kairofrakta ake ce musu. Wani abokina ya ce akwai mai yi a nan cikin gari, 15,000 zama ɗaya, wai zai mayar min da ƙashin da ya goce. Ni kuma ina da gwajin ƙwallo nan da sati 6 wanda na shekara ina jira. Wanda ya taɓa yi ko ya san abin dan Allah ya faɗa min gaskiya.

Koci_Kawo:

Wa alaikumus salam yarona, Allah ya ba ka lafiya. Tambaya ɗaya zan fara maka: wa ya ce maka ƙashinka ya goce? Hoto ka yi ko abokin naka ne ya faɗa? Na fi shekara 20 ina tare da yara a fili, kuma wallahi yawancin waɗanda ƙwallonsu ta mutu ba faɗuwar ce ta kashe ta ba, abin da aka yi musu bayan faɗuwar ne. Ina da yaro ɗan tsakiya, ƙafar hagu gare shi mai kyau, gwiwarsa ta murɗe ya ji ta yi ɗas ta kumbura kafin magariba, aka kai shi aka yi ta ja ana murzawa ana cewa targaɗe ne har wata 4, kullum ya dawo fili gwiwar ta zame. Da aka je Dala a Kano aka yi hoton MRI ashe jijiyar cikin gwiwar ce ta tsinke, wadda ake kira ACL, kuma zamewar da take ta yi ta cinye guringuntsin. Yanzu Keke Napep yake ja. Har yau in na gan shi sai raina ya ɓaci don ni ma na yi shiru a lokacin.

Kada ka bari kowa ya hau bayanka sai an san me ke ciki. Kuma ka daina shan diklofenak kana zuwa tirenin, yana ɓoye ciwon ne kawai, ga shi yana cin ciki.

Bash_Barnawa:

Koci Allah ya ƙara girma, amma gwiwa daban baya daban ai. Ni na yi kuma na ji daɗinsa. Kwando nake bugawa, bayana ya riƙe bara har sai na dafa bango nake saka wando, wani ɗan uwa ya haɗa ni da wata mata a Abuja da ta yi karatun abin a Afirka ta Kudu, zama 4 na yi na koma fili. Amma fa gaskiya ba ƙas ɗin kawai ta yi ba, ta fi minti 30 tana min tambayoyi, ta sa na ɗaga ƙafa, ta buga min gwiwa da ɗan guduman roba, ta ba ni motsa jiki na yi a gida safe da yamma. Kuma manyan 'yan wasan duniya suna amfani da su, a Amurka kulob-kulob na ƙwallonsu ta hannu ɗin nan da ake saka hular kwano suna da su. In da shirme ne ai ba za su kashe kuɗinsu ba. Ni dai na ce ka gwada, lokaci na tafiya.

Anti_Fisiyo:

Sannu ƙanina, Allah ya sawwaƙe. Ni fisiyo ce, wato masu jinyar gaɓɓai da tsoka ta hanyar motsa jiki, a BUK na yi karatu, nan Kaduna nake aiki, kuma irin naka kusan kullum sai na gani musamman lokacin gasar unguwanni. Zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.

Farko wannan maganar ta ƙashi ya goce a mayar da shi. Ƙarar da kuke ji a bidiyo ba ƙashi ne ke komawa mazauninsa ba. A cikin gaɓa akwai ruwa mai yauƙi, in aka buɗe gaɓar da sauri sai iska ta yi kumfa a cikin ruwan, shi ne ƙas ɗin, daidai da wanda kake ji in ka ja yatsanka. Shi ya sa in ka ja yatsa ya yi ƙara ba zai sake yi nan take ba sai an ɗan jima. In da gaske ƙashin bayanka ya goce daga wurinsa da ba ka ƙarasa wasan nan ba, da ɗaukar ka aka yi.

Shi kansa kairofraktik ɗin wani mutum ne D.D. Palmer ya fara shi a 1895 a garin Davenport, jihar Iowa a Amurka, kuma ba likita ba ne. Ya ce ya danna bayan wani mai kula da ginin da yake aiki, Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe, daga nan ya tafi a kan cewa kusan duk cututtuka daga karkacewar ƙashin baya suke. Wannan ɓangaren ilimin likita bai tabbatar da shi ba, don haka duk wanda ya ce maka zai warkar da asma ko hawan jini ko ulsa ta hanyar danna baya, ka ɗau takalminka ka fita. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne ciwon ƙasan baya na yau da kullum, wanda ba karaya ba tsagewa ba jijiyar da ta matsu sosai. A nan dannawar tana rage ciwo da riƙewa na ɗan lokaci, kusan daidai da sauran hanyoyin da muke bi, mu ma fisiyo muna yin irinta. Bash irin wannan ne naka, kuma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, matar ta bincike ka tukuna sannan ta ba ka motsa jiki. Ni a ganina motsa jikin nan ne ya riƙe ka har yanzu.

Maganar manyan 'yan wasa gaskiya ce, tun 1980 tawagar Amurka ta tafi Olamfik da kairofrakta. Amma can yana cikin ayari ne, ga likitan ƙashi ga fisiyo ga na'urar hoto a kusa, kafin ɗan wasa ya kwanta a gadonsa an riga an san me ke damunsa. Kai kuma kai kaɗai za ka shiga ɗaki da mutumin da ba ka san inda ya koya ba.

Yanzu naka. Abu biyu ne suka tsaya min. Ciwon da ke sauka bayan cinya in ka zauna yana iya zama faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya ɗan bulluƙo yana taɓa jijiya. Sannan matashi ɗan wasa da ya faɗi a kan kwankwaso dole a cire shakkar tsagewar ƙashi, akwai wata 'yar tsagewa da ke yawan samun matasa 'yan wasa a ƙashin ƙasa na biyar, tana fi ciwo in mutum ya banƙare. In ita ce kuma aka murɗa ka da ƙarfi, an ƙara maka aiki. Ban gan ka ba, ba zan ce ga abin da ke damunka ba, shi ya sa nake so ka ga likitan ƙashi, asibitin Barau Dikko ko 44 ko Shika duk wanda ya fi maka sauƙi. Ka sani eksire ƙashi yake nunawa, faifai da jijiya sai MRI, likitan ne zai ce ko kana buƙata, ba kowa ke buƙata ba.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau: in ka ji tsakanin cinyoyinka ko wajen mazaunai ya mutu ba ka jin taɓawa, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba ba ka sani ba, ko ƙafar ta fara rauni kana jan ta, kada ka jira gari ya waye, asibiti kai tsaye.

Sai wuya. Dan Allah duk masu karantawa, kada ku bari a fizge muku wuya, har da wanzami ko mai aski da ke yi bayan ya gama aski. Akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, ba kasafai ba amma fizgar tana iya yaga su ta jawo shanyewar ɓarin jiki, har ga matashi mai lafiya.

Ɗan_Rigasa:

Duk na ji, amma kullum in aka zo irin wannan sai a watsar da namu. Kakana mai ɗori ne gado da gado, mutane daga Birnin Gwari har Zariya suna zuwa, ya ɗora ƙafafuwan da ba su ƙirguwa suna tafiya lafiya lau. Bature ya danna baya a ce ilimi, namu ya yi a ce jahilci. Kuma talaka ina ya ga kuɗin MRI?

Anti_Fisiyo:

Malam ban raina masu ɗori ba wallahi, mahaifina ma ɗorin gida aka yi masa a hannu yana yaro kuma ya warke. Karaya mai sauƙi wadda ƙashin bai kauce ba in aka tsare ta da kara za ta haɗe. Inda ake samun matsala shi ne ɗaurin da ya yi tsauri har jini ya daina wucewa, yaro na kuka a ce ya yi jarumta, kwana 3 yatsu sun yi baƙi, na ga wannan da idona kuma ƙarshensa yankewa ne. Masu ɗorin kirki yanzu da kansu suke cewa a je a yo hoto tukuna. Ma'auni ɗaya nake sa musu da baturen, ka san abin da ke ciki kafin ka taɓa. Baya kuma ba hannu ba ne, laka ce a ciki. Maganar kuɗi gaskiyarka, da tsada, amma ganin likita da eksire bai kai abin da zai kashe a zama 2 ko 3 wurin mai dannawar ba.

Lamba5_TudunWada:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Koci gaskiya ba hoton da na yi, abokina ne kawai ya taɓa wurin ya ce ya ji ƙashi ya fito. Jiya na kira mutumin na tambaye shi inda ya yi karatu, ya ce kwas ya yi na sati 2 a intanet kuma wai ba sai na kawo hoto ba hannunsa na gani. Jikina ya yi sanyi. Anti alhamdulillah babu ko ɗaya cikin alamomin da kika lissafa, fitsari lafiya, ƙafa da ƙarfinta, amma na gwada banƙarewa na ji ya soke ni a gefen dama. Yayana ya ce zai kai ni asibiti ranar Litinin. Abin da nake tsoro kawai kada a ce min in manta da gwajin nan. Kafin Litinin ɗin in kwanta ne gaba ɗaya ko in ɗan riƙa gudu kada numfashina ya zube?

Anti_Fisiyo:

Sati 2 a intanet? Inna lillahi. Masu yin abin da gaske shekaru suke yi a jami'a, kamar a Durban da Johannesburg inda ta Bash ta fito, kuma a Najeriya hukumar MRTB da ke mana rajista ita ce ke musu, kana da haƙƙin ka ce a nuna maka lasisi.

Kada ka kwanta wuni guda, kwanciya na ƙara riƙe baya. Kada kuma ka yi gudu ko tsalle ko ɗaga ƙarfe tunda banƙarewa na soke ka. Ka riƙa tafiya a ƙasa mai laushi minti 10 zuwa 15 sau 2 ko 3 a rana, in ciwon ya fara sauka ƙafa ka tsaya. Ka rage hawa mashin, ramukan hanya ba za su bar ka ba. In za ka yi barci ka kwanta ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi, sallah kuma ka yi a zaune in ruku'u na ciwo, addini ya ba ka wannan sauƙin. Ran Litinin ka faɗa wa likita yadda ka faɗi daidai, da maganar banƙarewar, da duk magungunan da ka sha. Yawancin ciwon baya irin na tsoka yana lafawa cikin sati 6, in kuma tsagewa ce zai ɗauki watanni, ba zan ɓoye maka ba.

Koci_Kawo:

Maganar gwaji bar ta a hannuna. In likita ya ce ka huta ka karɓo takarda ka kawo min Kawo, ina fili kullum bayan la'asar ban da Juma'a, zan yi magana da masu shiryawa ko za su saka ka a zagaye na gaba. Ka zo da yayan naka.