Hoton OCT ya fito da ja: gilakoma ce ko tsawon ido?

Salamu alaikum likitocin ido, don Allah ku taimaka min. Ƙanwata tun tana firamare ba ta ganin nesa sai da tabarau mai kauri. A wani asibiti nan Zariya aka ɗauki hoton bayan idonta da na'urar OCT, takardar ta fito da ja a kewayen jijiyar gani, wai ta sirance. Amma matsin idon 15 ne, bai kai 21 ba, wato iyakar da aka saba ɗauka ta matsin lafiyayyen ido. Likita ɗaya ya ce gilakoma ce, wato cutar da ke lalata jijiyar gani, a fara ɗiga magani. Wani kuma ya ce idonta ne dogo, milimita 27 maimakon kusan 24, shi ke ruɗa na'urar. Jiya kwana ta yi tana kuka, takardar na hannunta. Wane gwaji ne zai raba gardama?