Tsohuwar mota da zafin rana: wa ya taɓa fama da allura tana hawa ja?

Magajin_Baba:
Salam jama'a. Ina da tsohuwar mota ƙirar 1978 da na gada wajen mahaifina, silinda shida ce mai kafireto, duk lokacin sanyi lafiya lau muke da ita sai da zafin nan ya shigo. In ina gudu a buɗaɗɗen titi allurar zafi tana tsakiya abinta, amma da na shiga cunkoso na yi minti goma a tsaye sai ta fara hawa a hankali har ta kusa taɓa ja, jiya ma sai da na gangara gefe na kashe, na ɗaga bonet ina jin ruwa yana ɓararraka a cikin lagireto. Bakanikena yace a cire tamostat, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi, a jefar kawai wai shi ke riƙe ruwa, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa min yadda ya yi.

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka yarda a cire, ni na yi kuma na ga sakayya. Da aka cire min, da safe sai in yi tafiya mai nisa injin bai ɗau ɗumi ba, shan mai ya ƙaru, baƙin mai yana saurin lalacewa, abin haushin kuma zafin da aka cire shi dominsa bai tafi ba. Ashe tamostat ɗin injina irin mai faranti biyu ne, in ya buɗe hanyar lagireto sai farantin ƙasa ya toshe wata ƙaramar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin injin, to da babu shi sai wani ruwan ya riƙa bin gajeriyar hanyar nan yana komawa da zafinsa bai ko leƙa lagireto ba. In kana zarginsa ciro shi ka jefa a ruwa kana dafawa, akwai lamba a jikinsa, yawanci digiri 82 ko 88, in ruwan ya kai wajen nan za ka ga ya buɗe baki da idonka. In bai buɗe ba ka sayi sabo.

DanGareji:
Baba da girmanka amma ni motoci nawa na cire wa kuma suna nan suna yawo.

Tsohon_Direba:
Suna yawo mana, wanda tamostat ɗinsa ya maƙale a rufe dole in ka cire ya ga sauƙi. A bakin hanya in ba yadda za a yi ni ma zan cire in kai gida. Amma nasa ba maƙalewa ya yi ba, in da ya maƙale ai a gudu ma sai ta tafasa, ka sake karanta abin da yaron ya rubuta.

Injiniya_Sule:
Baba ya taɓo wajen. Malam Magaji motarka ta riga ta faɗa maka ciwonta, tunda a gudu ba ta zafi sai a tsaye to iska ce ba ta isa, domin a gudu iska na shigowa ta gaba da kanta, a tsaye kuwa fanka ce kaɗai ke jawo ta. Da a gudu take zafi da sai mu ce lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya cinye ko tiyon ƙasa yana tsukewa in an taka totur. Tawa haka ta yi min shekaru biyu da suka wuce, na canza lagireto sabo fil a banza, ashe kulocin fanka ne ya mutu. Irin wannan fankar akwai wani mai na silikon a cikin cibiyarta, in zafi ya taso shi ke sa ta kama ta juya da ƙarfi, in ya tsiyaye sai ka ga fanka tana juyawa kamar gaske amma iska ba ta ja. Ka bari injin ya yi zafi sosai ka KASHE shi tukuna, sannan ka tura fiffiken da hannu, in ya yi ta wulwulawa ba tirjiya to ya gama aiki. Ka duba kuma ko akwai maiƙo da ƙura sun daskare a gaban cibiyar. Sannan akwai wani kwando da ke rungume da fankar a bayan lagireto, shi ke tilasta iska ta ratso ta cikin lagireton maimakon ta gefe, yana nan a taka?

Magajin_Baba:
Kwando kuma? Wallahi ni fanka kawai nake gani tsirara, ba komai a zagayenta.

Anti_Mai_Beetle:
Ku masu ruwa kun ji daɗi kuna da allura da za ta gargaɗe ku. Ni Beetle gare ni ta 1972, ba lagireto ba ruwa, iska da baƙin mai ne kawai ke sanyaya ta, kuma fambel ɗaya ne ke juya janareto da fanka, shi ya sa ranar da jar fitilar caji ta kama ina tuƙi ban yi wata-wata ba na tsaya, na zagaya baya na tarar bel ɗin ya tsinke, da na ce bari in lallaɓa gida da injin ya tafi. Abin da ya fi wahalar da ni dai wani da ya yi min aiki ya bar ƙananan gwangwanayen da ke rufe injin bai mayar ba wai ado ne, ya kuma bar robar da ke zagaye da injin a yage, sai zafin salansa ya riƙa tasowa daga ƙasa fanka tana sake zuƙarsa. Har sandar duba mai ba na iya riƙewa da hannu. Da aka mayar da su aka saita tazarar bawul a milimita 0.15 injin yana sanyi sai ta dawo hayyacinta. Don haka zancen kwandon nan naka ni ban yi mamaki ba, duk abin da suka ga ya tare musu hannu cirewa suke.

Abu_Hanif:
Ni nawa gargaɗi ne, tabon yana nan a hannuna na dama har gobe. Na buɗe murfin lagireto da zafinsa da ɗan tsumma, ruwan ya yi tsiri sama. Ruwa a fili a digiri 100 yake tafasa, amma murfin nan yana matse shi, mai lamba 15 psi yana kai shi wajen 120 bai tafasa ba, to kana buɗewa matsin ya tafi sai ya tafasa gaba ɗaya a fuskarka. Ka duba robar murfinka ma, in ta tsage ba ya riƙe matsi, ruwa zai yi ta ɓararraka tun zafin bai kai ko'ina ba. Amma kar ka ce bari in sa mai babbar lamba, wasu tsofaffin 7 psi aka yi su da shi, ka ɗora musu 15 sai tsohon lagireto ya fashe ta wajen ɗinki.

Kawu_Landi:
In allura ta fara hawa a cunkoso kunna hita har ƙarshe ka sauke gilasai, za ka jiƙe da gumi amma tana janye zafi daga injin, ta sha fitar da ni. Kuma ku daina ɗura ruwan rijiya zalla, lagireton motata da aka buɗe bututun ciki rabi duk farin dutse da tsatsa sun toshe su. Ruwan batir tsaftatacce wanda ba asid nake haɗawa da kulan, wato ruwan lagireto mai hana daskarewa, yanzu, ko ba sanyi ana buƙatarsa saboda tsatsa.

Magajin_Baba:
Jama'a na dawo. Injiniya Allah ya saka da alheri, fankar da yatsa ɗaya na tura ta ta yi ta juyi kamar ba za ta tsaya ba. Kwandon kuma kun san inda na same shi? A ɗakin ajiyar Baba, a jingine bayan tsofaffin tayoyi, gefe ɗaya ya tsage, da alama tun wani gyara aka cire ba a mayar ba. An liƙe an ɗaura, an sa sabon kuloci da sabon murfi mai lamba irin ta tsohon, tamostat na dafa shi ya buɗe lafiya na mayar da abina. Yau na yi kusan minti ashirin a tsaye da tsakar rana allura ta ɗan gota tsakiya ta tsaya nan, ina jin fankar tana gurnani in ta kama. Saura abu ɗaya, in na kashe ta da zafi na dawo bayan minti goma sai ta yi ta jan sitata kafin ta tashi.

Injiniya_Sule:
Amin. Wannan fetur ne ke tafasa a kafireto da bututunsa in ka kashe, tunda fanka ta tsaya zafi ya taru a ƙarƙashin bonet. Duba ko bututun man ya matso kusa da manifol ɗin salansa ka nisanta shi, ka ga kuma ko faifan da ke raba kafireto da injin yana nan, kar a ce shi ma yana ɗakin Baba. In za ka tayar da ita da zafi taka totur rabi ka riƙe, kar ka yi ta famfo.